Ƙaton Kare Ba Bindiga Ba Ne: Martani Ga Mai Kiran A Ɗaure Karnukan Ƙetare

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci, mazaunin Zariyar nan tamu, ya fitar da rubutu yana ba magidanta shawara kan tsaron gida. Abin da ya ce a dunƙule shi ne, tunda ɓarayi da masu garkuwa da mutane sun hana mu barci, duk mai hali a Samaru da Sabon Gari ya nemi ƙaton karen ƙetare ya aje, ko Boerboel, ko Rottweiler, ko Kokeshiyan. Bai tsaya nan ba, har ya koyar da yadda za a sa karen ya yi zafi: a kulle shi a keji wuni zubur kada ya ga kowa, a rage masa abinci, a hana yara sabawa da shi, sai dare ya raba a sake shi. Karnukanmu na gida kuwa ya yi watsi da su, wai ba su iya komai ba sai haushin banza da bin bola. Hujjarsa ita ce karen bana shi ke maganin zomon bana.

Malam, na ji ka, kuma ban raina tsoron da ya sa ka ɗauki alƙalami ba. Duk wanda ya zauna a yankin nan tsakanin 2020 da 2021 ya san abin da kake nufi. A watan Nuwamban 2020 an shiga har gidajen ma'aikata cikin Jami'ar Ahmadu Bello an ɗauki mutum. A Yunin 2021 aka kai hari Kwalejin Nuhu Bamalli, aka kashe ɗalibi, aka tafi da wasu ɗaliban da malamai. Ba a cika wata guda ba aka faɗa cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye, aka kwashi mutane har da jarirai. Na ƙauyukan Giwa kuwa sai dai addu'a. Mutumin da ya kwana yana jin ƙarar babur gabansa na faɗuwa, ba za a ga laifinsa ba in ya yi sha'awar wata dabba mai ban tsoro ta kwana a bakin ƙofarsa.

Ba kuma zan bi sahun waɗanda suka yi maka ca da cewa ajiye kare haramun ne ɗungurungum ba. Hadisan da ke cikin Buhari da Muslim masu maganar tauye ladan mai ajiye kare sun togace karen farauta, da na kiwo, da na gona. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. A Malikiyyar da muka tashi a cikinta, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne kawai. Akwai ma labarin da duk wanda ya yi karatun Risala a zaure zai iya tunawa. Mai littafin, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya hana ajiye kare a gidajen cikin gari. Amma masu sharhi sun ruwaito cewa da katangar gidansa ta faɗi a wani lokaci na tsoro, shi da kansa ya aje kare, da aka tuna masa matsayin Imamu Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, zaki ma zai ɗaure. To, karen gadi saboda larura yana da madogara, wannan na ba ka.

Sai dai fiƙihun da ya buɗe maka ƙofa shi ne kuma ya kafa maka sharaɗi, kai kuwa ƙofar ka gani ka tsallake sharaɗin. Littattafan hadisin nan dai su suka kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Sake duba abin da ka koya wa mutane: kullewa da horon yunwa. Ina bambancin? Haka kuma malaman Malikiyya sun ɗora wa mai kare mai cizo lamunin ɓarnar da karen ya yi, matuƙar an riga an gargaɗe shi. Ke nan ranar da karen ya yage ɗan maƙwabci, ba a gaban kare za a tsaya ba, a gabanka ne.

Babbar matsalar rubutunka ita ce ka jera sunayen karnukan nan kamar mai jera samfurin janareta, wanda ya fi ƙarfi shi ya fi kyau. Alhali kowannensu akwai ƙasar da aka raine shi da aikin da aka raine shi dominsa, kuma ɗabi'ar aikin tana nan a jininsa ko an kawo shi Hayin Dogo. Boerboel karen manoman Afirka ta Kudu ne, masu gonaki faffaɗa inda maƙwabci ke da nisan tafiya, duk baƙon da ya doso gida abin tuhuma ne. Namijinsa kan kai kilo 60 zuwa 80, wato ya fi samari da yawa nauyi. Kokeshiyan daga duwatsun Kokesas yake, wajen Jojiya da Armeniya da Azarbaijan, inda yake kwana cikin dusar ƙanƙara yana tsare tumaki daga kyarkeci. An raine shi ne ya yanke hukunci shi kaɗai ba tare da jiran makiyayi ba, shi ya sa masu kiwonsa ke kuka da taurin kansa. Rottweiler na garin Rottweil ne a Jamus, mahauta ke kora shanu da shi. Akwai kuma Dogo Argentino, fari tas, wanda wani likita mai suna Antonio Nores Martínez ya haɗa irinsa a Kodoba ta Ajantina a 1928 don farautar aladen daji. Wannan Ingila ta hana ajiye shi tun 1991. Denmak kuma a 2010 ta haramta iri 13, ciki har da Boerboel da Kokeshiyan ɗin da kake tallatawa. Ban ce dokokin nan daidai suke ta kowace fuska ba, masana da yawa ma na ganin laifin masu karnuka ya fi na irin karen. Amma in ƙasashen da ke da makarantun horar da kare da rajistar kowane kare suka ga abin ya kai a kafa doka, ai bai kamata mu ɗauke shi kamar sayen kwaɗon ƙofa ba.

Yanzu mu dawo gida. Wane irin gida ne a Samaru? Shiga Hayin Dogo, ko Zango, ko Ɗanraka, ko Bomo. Yawanci gidajen haya ne, ɗaki-ɗaki, ga ɗalibai ga magidanta, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Muciya da Cikaji a Sabon Gari su ma haka, ƙofa na kallon ƙofa. Ko a gidan mutum shi kaɗai mai get da katanga, ƙirga masu shigowa daga asuba zuwa isha. Almajiri ya shigo ɗaukar wanke-wanke ko karɓar saura. Ɗan garuwa ya turo kura ya juye jarkoki. Yarinya mai tallan awara ta leƙo, yaran maƙwabta sun haura katanga biyo ƙwallo, matan unguwa sun shigo barka ko gaisuwa, an aiko yaro karɓo wuta ko aron turmi. Da sallama kawai ake shiga gidanmu, yaro ma ko sallamar ba ya jira. A cikin mutum ɗari da za su taka gidan, da wuya a samu ɓarawo ɗaya. Karen da aka kulle tun yana kwikwiyo, bai taɓa ganin yaro na gudu ba, bai taɓa jin ƙarar jarka ba, ta ina zai bambance su? Wata rana za a manta ba a sa sakata ba, ko sarƙa ta tsinke, ko a makara kulle shi da safe. Wanda zai fara haɗuwa da shi a ranar ba ɗan bindiga ba ne, almajiri ne ɗan shekara takwas riƙe da roba.

Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa akwai ɗan lokaci a rayuwar kwikwiyo, daga kamar mako 3 zuwa 14, da yake koyon abin da zai ɗauka a matsayin ruwan dare da abin da zai ji tsoro. Abin da bai saba da shi ba a lokacin, yakan tashi yana tsoronsa, kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo ba gargaɗi. Zafin da kake yabo, yawancinsa firgici ne. Wani bincike da aka yi a birnin Denba na Amurka, aka buga a 1994, ya gano cewa yiwuwar cizo ta ninka kusan sau uku ga karen da ake ɗaurewa da sarƙa a tsakar gida. Karen gadi na ƙwarai natsattse ne, ya san mutanen gida, ya san masu shigowa kullum, yana jin kira, in an ce bari ya bari. Wanda ba ya jin bari daga bakin ubangidansa, shi ma ubangidan bai tsira ba.

Su kuwa 'yan bindigar da ka ce za a yi maganinsu, mu faɗa wa juna gaskiya. Mutanen da ke zuwa su goma ko ashirin da AK-47, kare nawa zai tare su? Harsashi ɗaya ne. Ƙaramin ɓarawo kuma, mai satar babur da janareta da kaji, dabararsa tsohuwa ce: ya jefo nama mai guba ta kan katanga ya jira. Wane kare ne zai fi saurin haɗiye naman in ban da wanda ka ce a bar shi da yunwa? Abin da kare ke ba gida a irin wannan dare kunnensa ne da hancinsa da haushinsa. Ya ji motsi tun daga nesa, ya tashe ka, ka samu 'yan mintocin da za ka kunna fitila, ka buga wa 'yan sintiri waya, ka fitar da iyali ta baya. Wannan aikin, karen da ka kira na bola yana yin sa, ba ya kuma buƙatar nauyin kilo 70 kafin ya yi.

Akwai wani a layinmu da ya bi irin shawararka tun kafin ka ba da ita. Ya sayo Kokeshiyan, kyakkyawa, gashi buzu-buzu, lokacin hunturu. Aka gina masa keji da rufin kwano a jikin katangar da rana ke duka da yamma. Da sanyi karen ya yi ta walwala, mutane na leƙe suna sha'awa. Watan Maris ya shigo, Afrilu ya biyo, lokacin da zafi a Zariya kan kai digiri 38 zuwa 40. Kare ba ya gumi a jiki irin namu, da haki yake fitar da zafi, shi kuwa wannan yana sanye da gashi rufi biyu da aka halitta don ƙanƙara. In ka wuce da azahar za ka gan shi kwance a siminti, harshe a waje, haƙarƙari na sama da ƙasa, ruwan da ke cikin kwanonsa ya yi ɗumi. Ranar da aka kira ni in taya riƙe shi, na ɗaga kunnensa na ga kaska jere kamar an watsa wake, wasu sun sha jini sun yi tiɓis. Aka ɗaga leɓensa, dasashin da ya kamata ya zama ja ya yi fari fat. Irin wannan kaskar a tsagar bango take ɓuya ta yi ƙwai, kuma tana ɗauke da cututtukan da ke farfasa jinin kare. Yawan gashin ya sa ba wanda ya lura sai da abin ya yi nisa. Bai ga damina ba.

Ciyarwa ma ba ka taɓo ta ba, sai ragewa da ka ce a yi. Kare mai kilo 60 na buƙatar abincin da ya kusa na ƙaton namiji mai aiki, kuma ba tuwo zalla ba, sai da nama ko kifi ko ƙwai a kai a kai. A wannan tsadar, gida nawa ne a Palladan ko Hanwa za su iya ƙara baki irin wannan har shekara tara ko goma, wanda shi ne kimanin tsawon ransu? Ragowar miyarmu cike take da albasa, albasa kuwa tana lalata jinin kare. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Manyan karnuka suna da ciwon ƙugu na gado, wanda rashin cin abinci mai kyau a ƙuruciya ke ƙara ta'azzarawa. Ga allurar kwikwiyo tun daga mako 6 zuwa 8, wadda in ba a yi ba cutar nan mai sa amai da gudawar jini kan share ɗiya gaba ɗaya, Rottweiler ma ya fi saurin kamuwa da ita. Ga maganin tsutsa, ga na kaska. Sannan ga masu sayar da kwiyakwiyai a bakin titi, kowanne sai ya rantse maka nasa tsantsar iri ne, ba katin rigakafi, ba ka ga uwa ba balle uba. In mai gida ya gaji, sai a kira masu sayen karnuka, wataƙila tafiyar ta ƙare a kasuwar Dawaki ta Jihar Filato.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ka yi magana kamar Bahaushe bai san kare ba sai da aka kawo na Turai. Fita bayan gari da rani, bayan an gama kawar da amfanin gona, ka ga 'yan farauta sun yi gayya. Mutane da yawa, karnuka da yawa, wasu ba su taɓa haɗuwa ba, a cusa su cikin mota ɗaya ko su jera a ƙafa. Kowane kare ya san fiton ubangidansa a cikin hayaniyar. Ya tashi zomo ko gafiya ko gada, ya bi, ya kama, ya bari a karɓa. Da yamma ya dawo gari ya ratsa cikin yara da awaki bai taɓa kowa ba, da dare kuma ya kwana yana gadi. Wannan ba horo ba ne? Mafarauci yana raɗa wa karensa suna, yana ciyar da shi daga abin da ya ci, yana cire masa ƙaya da kaska, yana fita da shi tun yana ƙarami ya bi manya ya koya. Su ne suka ce ba a kiwon kare ranar farauta. Karen rugar Fulani ma haka, kafin ka hango bukka ya riga ya sanar da zuwanka. Siraran karnukan nan masu gajeren gashi da dogayen ƙafafu, zafin ƙasar nan da cututtukanta sun tace su shekaru aru-aru.

In ma kare mai asali da suna ake so, akwai shi a maƙwabta. Buzaye na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, suna da dogon karensu, tsayinsa ya kai santimita 70 amma nauyinsa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba. Da rana ya kori barewa da zomo, da dare ya tsare tanti da dabbobi, ba ya kuma sakin jiki da baƙo. Turawa sun fara kwasarsa zuwa ƙasashensu a shekarun 1970, babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta yi masa cikakkiyar rajista a 2019 da sunan Azawakh. Can suna saya masa rigar sanyi, mu nan muna neman fankar da za mu kunna wa Kokeshiyan.

Inda zan yarda da kai game da karnukan gida shi ne yawon da suke yi sakaka. Amma wannan laifin masu su ne, kuma ya kawo mu ga abin da ko sau ɗaya ba ka ambata ba, wato ciwon haukan kare. Mutum ya rubuta dogon bayani yana kiran a cika gari da karnuka bai ce uffan kan rigakafi ba! Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kusan duka kuma ta hanyar cizon kare, sannan wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar kan yi wata biyu ko uku a jiki shiru, har ciwon ya warke a manta. Da zarar alamu sun bayyana, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, to sai dai haƙuri, ba ta da magani. Ba ruwanta da tsadar kare, Boerboel na kamuwa kamar yadda karen bola ke kamuwa. Amma kuma tana da rigakafi tun 1885 da Louis Pasteur ya fara gwada shi a kan wani yaro a Faransa, shi ya sa ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, ta zama ranar yaƙi da cutar a duniya. Ana yi wa kwikwiyo allura yana wata uku, a riƙa sabuntawa. In aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari, cutar kan daina yaɗuwa. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana haɗa allurar a ƙasar nan. Wanda kare ya ciza kuma, kafin komai a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafe-shafe ko jiran a ga abin da hali zai yi. Kada kuma a yi saurin kashe karen a jefar, a killace shi kwana 10 likita ya sa masa ido.

Ban ce kada kowa ya aje babban kare ba. Mai gona a wajen Shika ko hanyar Basawa, ko mai gida shi kaɗai da fili da doguwar katanga da inuwar bishiya, wanda zai iya ciyarwa, yake da lokacin fita da shi kullum da igiya da takunkumi, ya ga uwar kwikwiyon da halinta kafin ya biya kuɗi, ya kuma sanar da maƙwabta da mai unguwa, wannan ya aje, Allah ya ba da sa'a. Ko shi ɗin zan ce ya nemi mai gajeren gashi, ya kuma yi tunanin wanda zai iya riƙe karen in ya yi tafiya, don kare mai kilo 70 in ya fizga, matar gida ko yaro ba za su tsayar da shi ba. Irin waɗannan mutane kaɗan ne, kai kuwa da kowa da kowa ka yi magana.

Malam, abin bai yi maka nisa ba. Jami'ar Ahmadu Bello na da tsangayar likitancin dabbobi tun shekarun 1960, da asibitin koyarwa na dabbobi a nan cikin Samaru. Daga Kwangila mota ɗaya ce. Kafin ka sake rubutu kan wannan batu, ka je da safe ka zauna a benci, ka ga irin karnukan da ake saukowa da su daga bayan mota da abin da ke damunsu, ka tambayi likitocin me suka gani game da kullewa da horon yunwa. In akwai kare a gidanka, ka tafi da shi da katinsa.